Yadda Mawaƙi da Ɗan Wasa Za Su Tsare Shafukansu Daga Ƴan Damfara da Masu Kutse

A Maradi ta yau, mawaƙin da yake son a gayyace shi wasan biki a Tibiri ko Tasawa ba ya bin gidajen rediyo da faifai a hannu kamar yadda na gabansa suka yi. Shafinsa na TikTok da na Facebook su ne suke yi masa shela, ta WhatsApp ake cinikin kuɗin wasa, a YouTube kuma yake ajiye bidiyon da ya kashe maƙudan kuɗi wajen ɗaukarsa. Haka lamarin yake ga ƴan fim, da masu barkwanci, da sha'irai masu bege, da masu zane da ɗaukar hoto. Shafin da ya tara mabiya dubu talatin ko hamsin ya zama dukiya, kuma dukiya ce da take da kasuwa a ɓoye. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Google ya fitar da rahoto kan wani gungun ɓarayi da suka daɗe suna farautar masu tashoshin YouTube da tayin talla na ƙarya. Rahoton ya ce kamfanin ya tare saƙonni miliyan 1.6, ya ƙwato asusu kimanin 4,000 ya mayar wa masu su, kuma ana sayar da tashar da aka sata daga dalar Amurka 3 har zuwa 4,000, gwargwadon yawan mabiyanta.

Abin da ya kamata mai fasaha ya fara ganewa shi ne, ɓarawon shafi ba kasafai yake fasa Facebook ko Google da wata gwanintar kwamfuta ba. Hanyar da ta fi sauƙi, kuma ita aka fi bi, ita ce a lallaɓi mai shafin har ya miƙa kalmar sirrinsa da hannunsa, ko ya karanto lambar da aka turo masa a waya. Ko kutsen da aka yi wa Twitter ranar 15 ga Yuli 2020, wanda ya shafi asusu 130 har da na Barack Obama da Bill Gates, da kiran waya aka soma shi, aka yaudari wasu ma'aikatan kamfanin suka ba da bayanan shigarsu. Saboda haka aikin da ke gabanka bai dogara ga tsadar wayarka ba. Ƙaramar Tecno ko itel ta isa, in dai ka zauna ka bi matakan a nutse.

Mataki na farko: layi da imel, kafin shafin kansa

Kowane shafin sada zumunta yana tsaye ne a kan lambar waya ko adireshin imel, domin can ake aika lambar sauya kalmar sirri idan aka ce an manta ta. Wanda yake riƙe da su shi ne mai shafin a wajen kamfani, kamar yadda wanda sunansa yake kan takardar fili shi ne mai gida ko da wani ne ya zuba siminti ya yi ginin. A nan matsalar masu fasaha da yawa take. Shekarun baya aka buɗe musu shafin a shagon masu tura waƙoƙi, ko wani ƙane mai ilimin boko ya buɗe, ya sa lambarsa, ya ƙirƙiri Gmail ɗin da shi kansa ya manta kalmar sirrinsa tuni. Muddin ana zaman lafiya babu mai tunawa da wannan, sai ranar da aka ɓata, ko wayar ta faɗi a kan kabu-kabu, sannan mutum ya gane cewa shafin da yake wa wahala ba nasa ba ne.

Ka buɗe saitin kowane shafi ka duba lamba da imel ɗin da aka rubuta. A Facebook da Instagram suna cikin wurin da wayar da aka saita da Faransanci take kira Espace Comptes, ƙarƙashin bayanan mai asusu. A TikTok suna cikin sashen asusu. Tashar YouTube kuwa tana rataye ne a jikin asusun Google, don haka Gmail ɗin da aka buɗe ta da shi za ka bincika, tare da lambar waya da imel na biyu da aka ajiye domin farfaɗo da shi. Idan ka ga lambar da ba taka ba, kada ka yi gaggawar cire ta. Ka fara ƙara taka, ka jira lambar tabbatarwa ta shigo, ka tabbatar, sannan ka cire tsohuwar. Wanda ya juya wannan tsari yana iya kulle kansa a waje.

Layin kansa dole ya kasance da sunanka aka yi masa rajista. Ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, ka je ofishinsu da katin shaidarka ka tabbatar, domin ranar da sim ya ɓace, wanda sunansa yake kan rajistar ne za a ba sabo. Kamfanonin waya kuma sukan karɓe layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani, wanda ya saya kuwa shi zai riƙa samun lambobin shafinka. Wannan ya fi shafar waɗanda suka buɗe shafi da layin Najeriya lokacin da suka je aiki situdiyo a Kano ko Katsina: tun da hukumomin can suka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, an rufe layuka masu ɗimbin yawa. Idan shafinka yana kan lamba mai farawa da +234 alhali kana zaune a Maradi, ka mayar da shi kan layin +227 tun tsohon yana raye.

Sai ka sa wa sim ɗin lambar PIN, ka sauya wadda ya zo da ita daga kamfani, domin ɓarawon waya ba ya wahalar da kansa wajen buɗe ta. Zare sim yake yi ya sa a wata wayar ya jira saƙonni. Ka lura cewa kuskure sau 3 yana kulle sim, sai da lambar PUK mai alƙaluma 8 da take jikin katin da aka ɓalle shi, don haka ka nemo katin kafin ka fara. Kada a raina wannan hanya: a watan Agusta na 2019 ta hanyar ƙwace layinsa aka shiga shafin Jack Dorsey, wanda shi ne shugaban Twitter a lokacin. Shawarar da nake ganin ta fi dacewa da mai suna ita ce ya raba layi biyu. Ɗaya shi ne wanda ake rubutawa a fosta da ƙarshen bidiyo domin masu gayyata, ɗayan kuma babu wanda ya san shi, a kansa shafukan suke, ana sa masa ɗan kiredi lokaci-lokaci don kada ya mutu.

Mataki na biyu: kalmar sirri da ƙofa ta biyu

Lambar wayarka, da sunan da kake waƙa da shi, da sunan ɗanka haɗe da shekarar haihuwarsa, duk abubuwa ne da masoyanka suka sani, balle mai neman ka da sharri. Kalmar sirri mai ƙarfi tsawo take buƙata: kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da alaƙa da juna, a haɗa su da alƙaluma a tsakani, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi wuyar cinka, kuma sun fi sauƙin tunawa. Kowane shafi da tasa, musamman imel, domin idan aka saci ta wani wuri, abin da ɓarawo yake fara yi shi ne ya gwada ta a sauran. Rubuta su a littafi a ajiye a akwati a gida ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne a ɗauki hotonsu a bari a waya, ko a tura wa wani ta WhatsApp. Ma'ajin kalmomin sirri na Google da yake cikin wayoyin Android ma yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: ba ya cike kalmar a shafin bogi, don haka idan ka ga wurin shiga Facebook amma wayar ta ƙi kawo kalmarka kamar yadda ta saba, ka tsaya ka sake duban inda kake.

Bayan wannan sai tantancewa mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri a nemi wata lamba ta daban kafin sabuwar waya ta shiga. Google ya wajabta ta ga masu tashoshin da suke samun kuɗi a YouTube tun 1 ga Nuwamba 2021, kuma tana nan a Facebook da Instagram da TikTok cikin sashen tsaro. Za a ba ka zaɓi tsakanin saƙon SMS da manhajar tantancewa irin Google Authenticator. Manhajar ta fi, saboda dalili biyu: lambarta mai alƙaluma 6 tana sauyawa duk daƙiƙa 30 a cikin wayar kanta, ba ta bi ta layi balle a tare ta, kuma tana aiki ko babu sabis, abin da mai zuwa wasa ƙauyukan Dakwaro ko Mayayi zai ga amfaninsa. Idan manhajar ta yi maka wuya, ka kunna ta SMS. Ta fi babu nesa ba kusa ba.

Lokacin kunnawa za a nuna maka lambobin ajiya guda 10 a Google da Facebook, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Mutane da yawa suna wuce wannan shafin ba su karanta ba, kuma shi ne yake ceton mutum ranar da aka sace waya. Ka kwafe su da biro a littafin nan.

WhatsApp nata tsarin daban ne. Ka shiga Paramètres, sannan Compte, sannan Vérification en deux étapes, ka zaɓi PIN mai alƙaluma 6 wanda kai kaɗai ka sani, ka ƙara imel. Daga nan ko wani ya sami lambar da aka turo ta SMS, zai tarar da wata ƙofar a rufe. Ka kuma saita wayar ta daina nuna abin da saƙo ya ƙunsa a fuskarta idan tana kulle, domin lambar da ta bayyana a kan wayar da aka ajiye a teburin situdiyo kowa yana iya karanta ta.

Mataki na uku: sanin kamannin tarko

Ƴan damfara sun san abin da yake tsorata mai fasaha da abin da yake kwaɗaita masa, kuma a kan waɗannan biyun suke gina saƙonninsu.

Wanda ya fi kama mawaƙa shi ne gargaɗin haƙƙin mallaka. Saƙo zai shigo ta Messenger ko akwatin Instagram ko imel, da tambarin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, da Faransanci ko Ingilishi mai tsauri, yana cewa an kai ƙarar wani bidiyonka, kuma za a rufe shafin cikin awa 24 idan ba ka latsa nan ka ɗaukaka ƙara ba. Wani lokaci ma shafi ne aka buɗe da suna mai kama da na ma'aikatan kamfanin, aka ambaci sunan shafinka a wani rubutu, sai sanarwar ta shigo cikin sanarwowinka na gaskiya. Tarkon yana tasiri ne saboda rikicin kiɗa da amshi abu ne da yake faruwa a sana'ar, kowa yana da waƙar da yake ɗari-ɗari da ita. Idan ka latsa, shafi zai buɗe mai kama da na Facebook sak, ya nemi kalmar sirri, daga baya ya nemi lambar tantancewa, ɓarawon kuma yana can yana shigar da su a shafin gaskiya a daidai lokacin. Ka sani cewa waɗannan kamfanoni ba sa aiko da hukunci ta akwatin hira. Gargaɗin gaskiya na YouTube yana bayyana a cikin YouTube Studio, sai an tara guda 3 ake rufe tasha, kuma kowanne yana iya gogewa bayan kwana 90; babu maganar awa 24. Instagram yana da wuri a sashen tsaro da yake jera duk imel ɗin da kamfanin ya aiko maka cikin kwana 14 da suka wuce, Facebook ma yana da irinsa. Saƙon da ba ya cikin jerin ba daga gare su yake ba.

Sai tayin shuɗiyar alama, wato alamar da ake maƙala wa sunan shafi don nuna an tabbatar da mai shi, wadda kowane mai tasowa yake marmari. TikTok ba ya karɓar kuɗi a kanta, kuma tsarin biya na Meta Verified da aka fara a 2023 daga cikin manhajar ake yin sa. Duk wanda ya ce yana da ɗan'uwa a kamfanin, a turo jaka ashirin ta Nita ko Amana tare da kalmar sirri, kuɗin da shafin duka yake so. Haka masu cewa za su buɗe maka hanyar samun kuɗi, ko za su riƙa sa talla a shafinka su biya ka duk mako in ka karɓi wata gayyata: gayyatar takan zo ta hanyar Facebook ta gaskiya, amma abin da take nema shi ne ka ba baƙo iko a kan shafinka.

Tarkon da ya fi haɗari, a ganina, shi ne na fayil, domin yana tsallake har tantancewa mai hawa biyu. Wani zai rubuto da ladabi a matsayin wakilin kamfanin da yake son ka yi masa talla, ko mai shirya bikin al'adu a Turai, ko furodusan da yake son ka hau kiɗansa. Za a yi kwanaki ana hira mai daɗi, a yabi waƙoƙinka da sunayensu, sannan a turo takardar yarjejeniya ko kiɗan a dunƙule cikin fayil, wani lokaci har da kalmar buɗewa don kada manhajar tsaro ta leƙa ciki. Abin da yake ciki muguwar manhaja ce da take kwashe ɗan bayanin da kwamfuta take ajiyewa don kada a riƙa tambayarka kalmar sirri kullum. Da wannan bayanin ɓarawo yake shiga kamar kai ne, ba a tambaye shi komai ba. Haka aka ƙwace tashar Linus Tech Tips a watan Maris na 2023, tasha mai mabiya sama da miliyan 15 wadda sana'arta ma bayanin kwamfuta ce. Ka dubi ƙarshen sunan fayil kafin ka taɓa shi. Takarda tana ƙarewa da pdf, sauti da mp3 ko wav. Wanda ya ƙare da exe ko scr a kwamfuta, ko apk a waya, manhaja ce za ta girku, ko da an yi mata hoton takarda. Wannan gargaɗin ya haɗa da GB WhatsApp da danginsa, da manhajojin ƙara mabiya, da manhajojin haɗa sauti da aka fasa ake rabawa kyauta.

A WhatsApp kuwa salon na gida ne, da Hausa, kuma daga lambar wanda ka sani, domin an riga an sace tasa. Za ka ga: «Salamu alaikum yayana, don Allah na yi kuskure na tura wata lamba a wayarka, taimaka ka turo mini.» Ko a kira ka a ce: «Ranka ya daɗe, daga ƙungiyar mawaƙa ne, akwai taro da daddare ta intanet, an turo maka lambar shiga, karanto mana mu sa sunanka.» Lambar nan mai alƙaluma 6 ita ce ta rajistar WhatsApp ɗinka a wata wayar. Babu taro, babu gasa, babu tallafi da yake buƙatarta. Akwai kuma masu sa mutum ya danna wasu alamomi da suka fara da **21* sai wata lamba, da sunan karɓar kyauta; wannan yana karkatar da kiranka zuwa wayarsu, sai su nemi WhatsApp ya faɗi lambar ta kira. Danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa. Saƙon «don Allah zaɓe ni a gasa» mai ɗauke da linki shi ma ɗan gidansu ne.

Karanta adireshin shafin intanet abu ne da ake koya cikin minti biyar. Ka nemi karkatacciyar sanda (/) ta farko da ta biyo bayan sunan, ka karanta kalmomi biyun da suka zo kafin ita: su ne ainihin mai shafin. Idan facebook.com ne ko google.com, daidai ne. Idan kuwa an rubuta facebook a farko, aka bi shi da wasu kalmomi, ya ƙare da wani suna na daban, to na wannan sunan na ƙarshe ne. Amma ƙa'idar da ta fi wannan sauƙi ita ce kada ka taɓa rubuta kalmar sirri a shafin da linki ya kai ka. Ka rufe saƙon, ka buɗe manhajar da kanka, ka duba ko akwai matsala. Idan aboki ne ya turo wata buƙata, ka kira shi ta layi ka ji muryarsa, ka yi masa tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa.

Mataki na huɗu: abokan aiki da wuraren da waya take kwana

Da ɗan gari akan ci gari, kuma mai fasaha ba ya aiki shi kaɗai: akwai manaja, akwai yaron da yake ɗora bidiyo, akwai mai amsa saƙonni. Kada a raba kalmar sirri ɗaya a tsakaninsu. YouTube Studio yana ba da damar gayyatar mutum da nasa Gmail a matsayin mai gyara ko manaja, shafin Facebook ma yana da matakan izini. Abin lura a Facebook shi ne wanda aka ba cikakken iko yana iya cire kowa, har da wanda ya buɗe shafin, don haka yaron ɗora bidiyo izinin ɗorawa kawai ya kamace shi. Kowannensu kuma ya kunna tantancewa mai hawa biyu a nasa asusun, domin ta asusun mafi sakaci a cikinku za a shigo. Ranar da aka raba gari da wani, ko cikin mutunci aka rabu, a cire shi a ranar. Ba zargi ba ne, tsarin aiki ne.

Kwamfutar situdiyo, wadda mutum goma suke sa filashi a jikinta kullum, ba wurin shiga shafi ba ce. Idan dole ta sa ka shiga, ka fita da ka gama, ka ƙi amincewa ta ajiye kalmar. A shagon caji, inda wayoyi suke jere a kan katako kowace da ƴar takardar lamba a manne, ka kashe wayar kafin ka miƙa. Wurin mai gyara kuwa, ka zare sim da katin memori, kuma idan gyaran gilashi ne ko wurin caji, ba ya buƙatar lambar buɗe wayar. In ya ce sai ya gwada, ka buɗe masa kana tsaye. Buɗe WhatsApp a wata na'ura ba ya ɗaukar minti ɗaya ga wanda wayarka take hannunsa a buɗe, kuma ana iya haɗa na'ura har 4. Shi ya sa ya kamata sau ɗaya a wata ka leƙa Appareils connectés a WhatsApp, da jerin na'urorin da suke cikin Facebook da Google da TikTok, ka fitar da duk wadda ba ka gane ba.

Ka kuma ajiye asalin ayyukanka a wajen intanet, a faifan ajiya ko filashi biyu a wurare daban. Google Takeout yana ba ka damar sauke duk bidiyon tasharka. Rajistar waƙoƙi a hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, BNDA, ita ma hujja ce a hannunka idan wani ya ɗora aikinka da sunansa.

Idan an riga an shiga

Awannin farko su ne masu muhimmanci, kuma tsarin da za ka bi yana da tasiri. Ka fara da imel, ka sauya kalmar sirrinsa daga wayar da ka amince da ita. Idan an riga an sauya ta, ka bi g.co/recover, kuma ka yi hakan da wayar da ka saba shiga da ita, a wurin da ka saba, domin Google yana la'akari da wannan. Ka binciki akwatin imel ɗin: idan an sauya adireshin shafinka, Facebook da Instagram suna aika sanarwa zuwa tsohon adireshin tare da hanyar soke sauyin, na Instagram yana zuwa daga security@mail.instagram.com. Bayan haka ka rubuta facebook.com/hacked ko instagram.com/hacked da hannunka, kada ka bi wanda wani ya turo. Instagram yakan nemi ka ɗauki ɗan bidiyon fuskarka kana juya kai, ya gwada da hotunanka na shafin. Mai tashar YouTube yana iya tuntuɓar @TeamYouTube a X, wato tsohon Twitter, bayan ya fara neman asusun Google ɗin. Idan ta fayil aka shigo, sauya kalmar sirri a kan na'urar da ta kamu aikin banza ne, sai an wanke ta gaba ɗaya.

WhatsApp ya fi sauƙi. Ka sake rajista da lambarka, ka sa lambar da za ta zo ta SMS, nan take za a fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa nasa PIN, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da shi ba, amma shi an riga an kore shi tun lokacin da ka sa lambar SMS. Idan sim ɗin ne ya daina aiki haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, ka tafi ofishin kamfanin layin da katin shaidarka a ranar.

Kana wannan, ka sanar da jama'a, domin ɓarawon zai fara rubuta wa masoyanka da danginka da sunanka, yana neman rance ko yana tallan wata harkar ninka kuɗi. Ɗan gajeren bidiyo da fuskarka da muryarka, a sauran shafukanka da na abokan sana'a, ya fi rubutu, kuma sanarwa a gidan rediyo tana kai wa ga waɗanda ba sa bin shafukan. Ka ɗauki hoton duk saƙonni, da lambobin da aka yi amfani da su, da rasit ɗin duk wanda ya tura kuɗi, ka kai kwamisariya ko wajen jandarma. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, wadda ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba da damfara ta intanet, kuma takardar ƙarar tana kare ka idan aka aikata wani laifi da shafinka.

Da zarar ka yi shelar an sace maka shafi, wasu za su cika maka akwati da cewa sun san gwanin da yake dawo da shi cikin awa ɗaya. Damfara ce ta biyu, wani lokaci ma mutanen farko ne suka sauya riga. Kada ka biya su, kada kuma ka biya kuɗin fansa ga ɓarawon, domin wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo.

Idan Allah ya sa shafin ya dawo hannunka, kada ka fara da ɗora godiya. Ka fitar da dukkan na'urori, ka sauya kalmar sirri, ka duba ko an ƙara wata lamba ko imel, ka binciki jerin masu iko da shafin da manhajojin da aka haɗa da shi, ka duba ko an saita Gmail ya riƙa tura saƙonninka wani wuri, ka ga ko an buɗe talla da katin bankinka. Sannan ka karɓi sababbin lambobin ajiya ka rubuta su a littafin, ka soke tsofaffin, domin mai yiwuwa ɓarawon ya kwafe su kafin a fitar da shi.